Baba Birki na Tashar Mangwaro

A Kakuri, inda titin masaƙa ya haɗu da hanyar kasuwa, akwai wata bishiyar mangwaro da 'yan acaba suka mayar tasha. Kwata ce ta raba wurin biyu. A inuwa, 'yan ƙungiya ke jera mashinansu bisa layi, wanda ya riga zuwa shi ke ɗaukar fasinjan farko. A ƙetaren kwatar kuwa rana ce tsagwaronta, nan ake ajiye sabon shiga har sai an yarda da shi. Ba shi da layi, ba shi da baki a taro, kuma ba ya ɗaukar kowa sai wanda 'yan inuwa suka ƙi.

A cikin zafin ranar nan Shekari ya zauna tun ƙarshen rani har damina ta yi nisa.

Mutum ne da ya haura hamsin, dogo, mai ɗan rankwafawa, irin ta wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a sunkuye kan injin saƙa. Tun yana saurayi ya baro ƙauyensu a kudancin jihar ya shiga masaƙa. Can ya koyi cewa injin ba ya son gaggawa, kuma da zarar ka ga abin da bai yi maka ba, to ka tsayar da shi tukuna, ka duba. Wannan ɗabi'a ta sa ya fita da yatsunsa goma cif, abin da ba kowane abokin aikinsa ya samu ba. Da sojoji suka koma bariki aka yi ta cewa yanzu masaƙu za su farfaɗo. Shekari ya yi layi a rana ya jefa ƙuri'a. Ba a jima ba aka fara rufe sashe bayan sashe, har wata safiya ya tarar da ƙofa a garƙame. Abin da aka sallame shi da shi ya haɗa ya sayi mashin na hannu.

Kafin wannan ma ya riga ya rasa gida. Shekaru da yawa shi da matarsa Eunice suna zaune a Tudun Wada, a ƙetaren kogi, can suka haifi 'yarsu Naomi. A rikicin farko aka ƙone gidan. Sun fito da kayan jikinsu, suka ƙetare gada a bayan motar sojoji, suka kama ɗaki a Kakuri. Duk wanda ya zauna a Kaduna a shekarun nan ya san yadda garin ya tsage, kowa ya koma ɓangaren da ake kiran sunansa ba tare da an waiwaya ba. Tun daga ranar Shekari bai sake taka gadar ba. Eunice ta sa ya yi mata alkawarin haka, hannunsa a kan Littafi Mai Tsarki.

Wanda ya kawo shi tashar mangwaro shi ne Abdulmalik, ɗan tsohuwar maƙwabciyarsu Indo. Yaron ya girma a layinsu, ya sha cin tuwon Eunice. Yana haya a Makera, kuma shi kaɗai ne Musulmin da ya rage a tashar bayan rikici na biyu. Shi ya tsaya gaban Harrison, ciyaman ɗin ƙungiya, ya ce, “Wannan babana ne. In ya yi laifi ku kama ni.”

Harrison ya dubi furfurar Shekari, ya dubi mashin ɗin, ya nuna ƙetaren kwata.

“Baba, ba raini ba ne, haka kowa ya fara. In an yi rakiya ka bi mu lafiya, sai ka shigo inuwa.”

Rakiya ita ce babbar al'adar tashar. In ɗan ƙungiya zai yi aure, ko an yi masa rasuwa, kowa zai ajiye aiki, a ɗaura ɗanyen ganye a kan mashin, a kunna fitila da rana tsaka, a jeru a hau titi da gudu ana danna hon. Doka ɗaya ce a cikinta, ba a yanke layi. Ko tirela ce ta taso, ko ɗan sanda ya ɗaga hannu, na baya yana manne da na gaba har a isa.

Rakiyar farko da ta samu Shekari ita ce ta auren Sam, wani matashi mai baki da son tsere. Aka sa shi a tsakiya, motar amarya na bayansa kaɗan. Ya yi ƙoƙari. Ya murza mashin yadda bai taɓa yi ba, iska na cika masa ido da hawaye. Amma a mahaɗar Barnawa sai ga tanka ta sako kai daga dama. Na gabansa suka sulale ta gaban hancinta. Shi kuwa ƙafarsa ta taka birki tun kafin ya yi shawara da zuciyarsa. Tanka ta shiga, wata ta biyo ta, motoci suka toshe mahaɗar. Rabin rakiya ya isa harabar coci da hon da ihu, mata suka fito da guɗa, aka duba babu amarya. Tana can a Barnawa cikin zafi, kwalliyarta na narkewa, a bayan wani dattijo da ke jiran hanya ta buɗe.

Daga ranar sunansa ya koma Baba Birki.

“Baba Birki, ga taka ta zo,” Sam zai ce in ya hango mace da buhun garin rogo, ko mutum riƙe da akuya. “Ka bi a hankali, kada akuyar ta riga ka isa.”

Sai a yi dariya. Shekari ma yakan ɗan murmusa, ya tashi ya ɗaure kayan. Buhu, tukunyar gas, katifa, tsohuwa mai ciwon gwiwa da sai an ɗaga ta, duk nasa ne. Akwai wata mai sayar da doya, Maman Debby, da ba ta hawa mashin ɗin kowa sai nasa, don ta ce shi kaɗai ke kai ta gida da hanjinta a inda ta bar shi. Da yamma yakan koma ɗaki bayansa kamar an doke shi da taɓarya, wuyansa ya yi baƙi da rana. Eunice ta dafa ruwa ta gasa masa.

“Baban Naomi, har yanzu ba su ba ka wuri ba?”

“Sun kusa.”

Ba su kusa ba. Harrison ya kira shi gefe bayan bikin ya ce masa yaran sun fusata, wasu na cewa a sallame shi. Ya roƙa masa arziki zuwa ƙarshen damina. In har lokacin ba su sauko ba, sai dai ya nemi wata tashar. Shekari ya san babu wata tashar da za ta karɓi mai shekarunsa, kuma wanda ke yawo ba tasha mai yake ƙonawa a banza, ga kora duk inda ya tsaya. Abdulmalik ne kaɗai ke ƙetaro kwata da tsakar rana, ya zauna kusa da shi a kan mashin, su raba rake.

“Baba, ka yi haƙuri da su. Sam ɗin nan bakinsa ne kawai. Wata rakiyar ni zan tsaya a bayanka, in ka taka birki in tura ka.”

Ba a yi wata rakiyar da Abdulmalik ba. Cikin watan Agusta zazzaɓi ya kama Abdulmalik. Ya jingina mashin ɗinsa a rumfar mai faci da ke gefen tasha, ya hau bas zuwa wurin mahaifiyarsa, ya ce in ya ji sauƙi zai dawo. Labarin ya iso ne ta bakin wani direba, bayan har an binne shi.

Shekari na ƙetaren kwata lokacin da aka faɗa. Ya sauka daga mashin ya tsuguna, ya daɗe yana kallon ruwan da ke bin kwatar.

Washegari aka yi taro a inuwa. A al'adar tashar, in ɗan ƙungiya ya mutu, 'yan'uwansa ne ke mayar da mashin ɗinsa gida da rakiya, a danƙa makulli a hannun iyayensa. An yi wa kowa haka. Amma ba a taɓa yi wa wanda gidansu ke ƙetaren kogi ba tun da gari ya lalace.

“A sa shi a bayan a-kori-kura a aika,” in ji wani.

“Kamar buhun masara?” Sam ya ce. “Mutumin da ya yi mini rakiya yana gaba-gaba? Yadda aka yi wa kowa haka za a yi masa. Ganye, fitila, hon. Mu shiga da gudu, mu ajiye, mu fito da gudu. Wanda ke tsoro ya zauna ya yi gadin Baba Birki.”

Wasu suka goyi bayansa, wasu suka sunkuyar da kai. Harrison na ta murza makullinsa a hannu.

Shekari ba shi da baki a taro, ya sani. Ya tsallako kwatar duk da haka, ya tsaya a bakin inuwa, rabin jikinsa a rana.

“Ciyaman, a yi mini izini.”

“Baba, ka san doka.”

“Na sani. Tambaya ce kawai. Ranar da aka shigo layinmu a Tudun Wada, na leƙa ta taga. Abin da na fara gani mashina ne, da ganye a kansu, ana danna hon. Ku ma da kuke nan ɓangaren, waɗanda suka zo muku fa, me suka ɗaura?”

Ba a cika yin maganar nan a tasha ba, kowa na da abin da ya gani, kowa ya haɗiye nasa.

“In muka hau gada haka,” Shekari ya ci gaba, “kafin mu sauka labari ya kai kasuwa cewa 'yan Kakuri sun taso. Ba wanda zai tsaya tambayar mashin ɗin wa muka kawo.”

“To mu fasa ke nan?” Sam ya ce, amma muryarsa ta sauka.

“Ban ce a fasa ba. Yaron nan a hannuna ya koyi tafiya.”

Harrison ya yanke hukunci. Za a kunna fitila, amma babu ganye, babu hon, babu gudu. Ya juya ga Shekari.

“Kai ka san gidan, kuma sun san fuskarka. Kai za ka hau mashin ɗinsa, kai ne a gaba.”

“Daidai ne,” in ji Sam. “Tafiyar jana'iza ai dama ita ya iya.”

Ba a yi dariya sosai ba. Shekari ya tuna da hannunsa a kan Littafi, da fuskar Eunice. Ya tuna kuma da raken da ake raba masa a rana. Ya karɓi makullin.

Da hantsi suka tashi. Ba kowa ya zo ba, amma an fi rabin tasha. Mashin ɗin Abdulmalik ya fi nasa sauƙi, kulocinsa laushi, a jikin tankin akwai wata takarda mai ƙyalli da yaron ya manna da sunan mahaifiyarsa. Shekari ya sa giya ta biyu ya bar ta a nan. Ta madubi yana ganin fitilu a jere a bayansa, Sam na manne da shi, sai tayar da injin yake yana sassautawa kamar doki da aka ja wa linzami.

Suka hau gada. Kogin ya cika, ruwan ja ne, yana tafe da ciyayi. Bai kalle shi sau biyu ba. Ya kafa ido a kan kwalta, bakinsa na motsi da addu'ar da ya fi sani.

A gangaren gadar, ɗaya ɓangaren, akwai wata tashar acaba. Tun daga nesa ya ga sun miƙe. Wani ya ajiye kofin shayi, wani ya taka zuwa bakin titi, wani yaro ya ruga cikin lungu. Mai shago na kusa ya kama ƙofarsa ya riƙe, bai rufe ba, bai saki ba.

“Baba, kada ka tsaya,” Sam ya ce daga baya, ƙasa-ƙasa. “Don Allah wuce. Ba a yanke layi.”

Shekari ya taka birki.

Ya ji layin duka ya tsaya a bayansa, ɗaya bayan ɗaya. Ya kashe mashin, ya kafe shi, ya sauka. Ya cire hularsa ya nufi mutanen da hannuwansa a sake, inda kowa zai gan su.

“Salamu alaikum. Sannunku da aiki.”

Aka amsa, ba da ƙarfi ba. Wani mai gemu, da alama shi ne babbansu, ya matso.

“Lafiya, Baba? Daga ina haka da yawa?”

“Daga Kakuri. Ɗan'uwanmu ne ya rasu, Abdulmalik ɗan gidan Indo, na layin masu gyaran rediyo. Mashin ɗinsa muka kawo wa mahaifiyarsa. Haka muke yi a tasharmu.”

Mutumin ya leƙa bayansa, ya dubi mashin ɗin, ya karanta sunan da ke jikin tanki. Ya juya ya yi magana da na kusa da shi.

“Malik ne. Da mu aka kai shi.” Ya sake duban layin fitilun. “Allah ya jiƙansa. Ku dakata kaɗan.”

Ya tura mutum biyu su yi gaba su faɗa wa unguwa ko su wane ne ke tafe. Shi da wasu suka tayar da nasu mashinan, suka kunna fitila, suka shiga bayan layi. Wanda ya riƙe ƙofar shago ya sake ta.

Hanyar gidan Indo ta bi ta gaban tsohon gidan Shekari. Ya yi niyyar kada ya duba, amma ya duba. Babu rufi. Bangon ya yi baƙi daga sama, ciyawa ta fito a inda gadonsu yake, wani ya ɗaure tunkiya a jikin ƙarfen taga. Bishiyar gwaibar da Naomi ta shuka tana nan, har ta yi 'ya'ya. Mashin ya ɗan karkace a hannunsa, ya daidaita shi.

Maza na zaune a tabarma a ƙofar gida. Aka yi gaisuwa, 'yan Kakuri suka tsuguna a gefe, ba su san inda za su sa hannuwansu ba. Da aka ɗaga hannu ana addu'a, wasunsu suka ɗaga, wasu suka sunkuyar da kai. Aka shiga aka faɗa wa Indo, ta fito har zaure, lulluɓe da mayafi. Ta tsufa fiye da yadda ya zata.

“Baban Naomi. Kai ne?”

“Ni ne, Maman Malik. Ya haƙuri?”

“Haƙuri ya zama dole. Ashe za ka tako unguwar nan.”

Ya miƙa mata makullin da hannu biyu. Ta karɓa ta riƙe, ba ta kalle shi ba.

“Yana yawan maganarka. Ya ce sun bar ka a rana.” Ta share ido da bakin mayafi. “Ina Maman Naomi? Ka ce mata turmin dakanta na nan wurina. Ni na ciro shi washegari, wuta ba ta taɓa shi ba. Ko za ka tafi mata da shi?”

In Shekari ya shiga ɗaki da turmin nan, ba sai ya buɗe baki ba, Eunice za ta san ya taka gada.

“Bari ya ƙara kwana a wurinki tukuna.”

Ta gyaɗa kai kamar ta gane.

Da za su koma, sai ya tuna ba shi da abin hawa. Ya tsaya a tsakiyar layi yana dube-dube. Sam ya turo mashin ɗinsa gabansa, bai dube shi ba.

“Hau, Baba.”

Har suka ƙetare gada Sam bai wuce giya ta biyu ba. Sai da suka shiga Kakuri ya yi magana, yana kallon gaba.

“Matata har yau ba ta yafe maka ba, ka sani.”

“Tana da gaskiya.”

A gida Eunice ta tambaye shi me ya sa ya dawo da wuri, ya ce an yi rasuwa a tasha, ba a yi aiki ba. Ta ce wa ya rasu. Ya faɗa mata. Ta zauna a bakin gado ta yi kuka mai tsawo, tana kiran sunan da take kiran yaron da shi yana ƙarami. Ba ta tambayi inda aka yi zaman makoki ba, shi ma bai faɗa ba. Ya bar maganar turmi a cikinsa, tare da gwaibar.

Da safe ya tura mashin ɗinsa zuwa ƙetaren kwata kamar kullum. Yana ƙoƙarin kafe shi Harrison ya ɗaga murya daga inuwa.

“Baba Birki, me kake yi a can? Ka toshe wa sababbin shiga wuri.”

Babu wani sabon shiga. Shekari ya duba, ya ga an bar gurbi a layi, daidai inda Abdulmalik ke ajiye nasa, kusa da saiwar da ta fito waje. Ya tura mashin ya haye katakon da aka ɗora a kan kwata, ya shiga gurbin. Ba wanda ya tafa, ba wanda ya yi jawabi. Wani ya matsa masa a benci.

Inuwar ta fi yadda ya zata sanyi. Ya zauna, ya ji duk gajiyar watannin nan ta sauko masa a kafaɗa lokaci ɗaya.

Can sai ga Maman Debby da buhun doyarta, ta nufi ƙetaren kwata, ta tsaya tana waige. Da ta hango shi a benci ta yi masa hannu.

“Baba, taso mana, rana na yi.”

Ya yunƙura zai tashi, Harrison ya dafa masa gwiwa.

“Yanzu kana da layi. Ba naka ba ne, na Sam ne.”

Sam ya dubi buhun, ya dubi matar, ya dubi sama. Ya tashi yana gunaguni ya fara ɗaure doya, ita kuwa tana faɗa masa tun bai tayar ba cewa in ya yi gudu da ita za ta sauka ta bar masa kayan. Shekari na kallonsu har suka sha kwana. Akwai mutane da dama a gabansa kafin layi ya zo kansa. Ya jingina bayansa da jikin mangwaron, ya ɗora hularsa a gwiwa, ya rufe ido.